Wutar Rana a Cikin Kayan Ɗakinki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa gare ki, ɗiyata ta fari,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da sanyin zuciya. Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki shiga, Ya tsare gidan da za ki, Ya sa ki taka ƙofarsa da ƙafar dama.

Za ki yi mamakin samun takarda daga wadda kuke kwana gida ɗaya da ita. Kin san al'adarmu, mu da kakanninmu suka sauko daga arewa da garke kafin su zauna su kama hauya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi ta yi masa doguwar magana. Tun da kika zo duniya "ke" nake ce miki, in zan aike ki sai in kalli bango. To, alƙalami ba ya jin nauyin kowa, shi ya sa na ɗauke shi.

Shekaranjiya na ji kukanki a bayan rumbu, bayan Gwaggo Tsahara, yayar babanki, ta gaya miki ina neman hana ki armuwar, wato kabad ɗin jere. Ba ta yi ƙarya ba. Tumakin da muka ware don aurenki za su ɗauki gado da katifa da kayan girki, bayan su kuma abu ɗaya ne zai shiga: ko armuwar mai ƙofar gilashi da jeren kwanuka a ciki, ko pano na wutar rana da kayansa. Ƙauyen mutumin naki a ƙasar Sae Sabuwa ba shi da wuta, kin sani tun ranar da kika ce shi kike so. Na kuma san abin da kike tsoro. Ranar ganin ɗaki mata za su shigo su kalli bango su ga ba jere, su kalli juna, maganar ta bi ki har rijiya. Ban raina wannan tsoro ba. Amma ki saurari yadda ni na yi da nawa panon, sannan ki ji inda na tsaya.

Ranar da rayuwata ta canja, ranar kasuwar Gangara ce, kina yarinya kin fara zuwa lakol, makarantar boko. Babanki ya dawo daga ci-rani a bayan babur, rungume da wani abu mai faɗi naɗe cikin bargo. Kin san ni da littattafan soyayya. Lokacin ma na fi haka, har tuwo na sha ƙonawa saboda ina jiran in ga ko saurayi zai gane wadda ta aiko masa da zobe. A littattafan nan in miji ya dawo daga tafiya, turare yake kawowa, da sarƙa, da madubin da amarya za ta ga kanta daga ɗankwali har ƙafa. Da na hangi abin nan sai zuciyata ta ce madubi ne. Na je na wanke fuska, na sa kwalli, na dawo na tsaya. Ya kwance bargo sai ga wani baƙin gilashi mai layi-layi kamar gonar da aka yi wa kunya.

Ya ce da ni wannan shi zai kawo mana haske, in daina cinye masa kuɗin pil, batiran tocila, a kan labarin mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. Yana dariya ya faɗa. Ni kuwa na shige ɗaki na yi fushi na kwanaki. Har damina ta wuce, aka yi girbi, ya koma ci-rani, panon na ƙarƙashin gado, na hana shi ko maganarsa. Wannan ne kuskurena na farko. Mutumin ya ga abin da nake so da gaske, wato in yi karatu ba tare da hawaye na zuba don ƙarancin haske ba, ni kuma ina neman abin da aka rubuta a littafi. Ki karanta littattafai, ban hana ki ba, ni ma har gobe ina karantawa. Amma in mijinki ya miƙo miki abu, ki duba me ya gani a tare da ke har ya sayo shi, kafin ki gwada shi da na wata Hajiyar da ke cikin takarda.

Bayan ya tafi duhu ya ishe ni, sai na jawo panon na ce zan haɗa da kaina. Ba wanda ya koya mini. Na shiga taksi zuwa Agiye, na tsaya gaban wani mai shagon kayan wuta ina tambaya kamar 'yar lakol. Ya nuna mini batir sabo, da wani ɗan akwati da ake kira regilater, ya ce shi ne ke tsakanin pano da batir, yana hana batir ƙoshi fiye da kima, yana kuma hana shi yunwa. Na ga abin ƙarami ne, na ce a raina wannan dabarar 'yan kasuwa ce. Na tsallaka wajen masu gyaran mota na sayi tsohon batir da araha, na dawo gida ina jin kaina kamar jarumar labari da ta fi kowa wayo. Na haɗa wayar pano kai tsaye da batir. Ampul, wato ƙwan fitila, ya kama, kika yi ta tsalle kina tafi, ƙila kina tunawa.

Bai daɗe ba ɗakin ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na share ƙarƙashin gado, na zargi kaji, na zargi ɓera. Wata rana da azahar na taɓa batir sai na ji shi da zafi kamar tukunyar da aka sauke, cikinsa yana ƙara, gefensa ya kumbura. Kuma a kusa da shimfiɗarki na ajiye shi. Har yau in na tuna sai in ce Alhamdu lillahi, don Allah ne kawai Ya rufa asiri. Araha ba ta ado, ɗiyata. Kada ki taɓa haɗa pano da batir babu regilater a tsakani, ko wa ya ce miki ba kome. A jikinsa akwai zane uku, na pano, na batir, na ampul, ko wanda bai je lakol ba zai gane. Batir za ki fara haɗawa, sannan pano, sannan fitilu. In za ki kwance, pano za ki fara cirewa. Jar waya ta tafi wajen alamar ƙari, baƙa wajen ɗayar, kuma a sa fizibil kusa da batir, shi ne ɗan abin da ke tsinkewa ya kashe wuta in wayoyi suka haɗu. Batir kuma a ɗora shi kan katako inda iska ke shiga, nesa da murhu, nesa da inda yaro zai kai hannu. Kada ki sayi siririyar waya don ta fi sauƙi. Tana ɗaukar zafi, kuma tana shanye wutar a hanya kamar tulun da ke yoyo.

Da na koma Agiye da kunyata na sayi abin da ya kamata, sai na yi wani shirmen. Na jingina panon a kan soro yana kallon gabas, tsaye sosai, don a tunanina daga can rana ke fitowa, can kuma muke fuskanta mu roƙi alheri. Da hantsi ya yi sai rana ta wuce ta bar shi. Kudu ake fuskantar da shi, a ɗan ɗaga bayansa kaɗan yadda ruwa zai gangara, a ɗaure shi da ƙarfe ko waya mai ƙarfi saboda iskar farkon damina. Ban da wannan, ranar da na ga ya yi datti na ɗebo toka da yashi na dirje shi kamar gindin tukunya. Tabon yana nan har yanzu a kusurwa. Tsumma mai laushi da ruwa kawai yake so, da safe kafin ya yi zafi.

Amma wanda ya fi ba ni kunya shi ne na harawa. Shekara ta zagayo, an cire wake, fitilarmu ta fara rauni. Da an yi magariba kaɗan sai ta mutu. Na duba wayoyi, lafiya lau. Batir sabo ne. To me ya rage? A littattafan da nake karantawa, in abu ya lalace a gidan mace babu dalili, akwai wata a maƙwabta da ke baƙin ciki. Sai na ɗora abin a kan Mariama ta gidan gaba, don ta taɓa cewa, cikin wasa, gidanmu ya zama birni. Na rage gaisuwa. In ta aiko aron turmi sai in ce ana daka. Matar nan da ta zauna da ni lokacin wankan jegon ƙanenki.

Abin da ya tone gaskiya kaza ce. Ta ɓace mini, na ji kukanta a kan soro, na jingina tsani na hau. Sai ga harawar da babanki ya tara a can don tumaki, iska ta turo dami ɗaya ya kwanta a kan gefen pano. Ko rabinsa bai rufe ba, amma ashe ɗan inuwa a gefe ɗaya ya isa ya kashe ƙarfin duka. Na janye damin, na zauna a kan soron ina kallon cikin gidan Mariama, tana ta tankaɗe ba ta san me na ƙulla mata a zuciya ba. Na sauko na kai mata ƙwan kazar nan gaba ɗaya. Ta karɓa ta ce, "Yau kuma an gama dakan ke nan?" Ashe ta lura. Muka yi dariya, amma ni tawa da ɗaci.

Gidan da za ki manoma ne, su ma a kan ɗaki suke ajiye harawa da kara. Tun kafin kaka ki roƙi mijinki da ladabi a bar wa pano fili. Kuma duk abin da ya lalace miki a gidan miji, fitila ce ko fuskar mutum, ki fara jingina tsani ki hau ki duba kafin ki sa sunan wani a ranki.

Saura wanda na fi so ki riƙe, don shi ne zai fi ba ki wuya, ke da kika gaji kunyata. Da labari ya bazu cewa ana samun sharji a gidanmu, wato cajin wayar hannu, salula ta fara zuwa. Ta liman, ta mai unguwa, ta surukar wance, ta baƙon da ya sauka a gidan wane. Ban iya cewa a'a ba. Wa zai kalli dattijo ya ce masa koma da salularka? Ranar sunan ɗan Mariama mata suka cika unguwa daga ƙauyuka, kowace ta kwance bakin zane ta fiddo tata. Da la'asar regilater ya nuna ja, ya yanke wuta, wato yana cewa batir ya gaji a bar shi. Wata tsohuwa daga dangin mai jego ta ce ashe abin naku na ganin ido ne. Maganar ta soke ni. Na cire wayar daga jikin regilater na maƙala ta a kan batir kai tsaye, wuta ta dawo, aka yi ta sa mini albarka. Na ji daɗin albarkar nan ƙwarai. Na ci gaba da yin haka duk lokacin da baƙi suka taru, har batir ya daina riƙe wuta sam. Muka koma tocila har aka sayar da gyaɗa. Waɗanda suka sa albarka kuwa suka koma wajen mai sharji na kasuwa, ba wanda ya zo jaje.

Ba cewa nake ki hana mutane ba. Amarya mai rowa ba ta daɗi a gari, kuma wutar nan kyauta Allah ke saukar da ita. Amma ki kafa ƙa'ida tun ranar farko, don abin da aka saba da shi a makon amarci shi ake bi har tsufa. Sharji da rana ake yi, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da pano ke aiki. In rana ta yi sanyi, abin da ya rage na fitila ne. Salular uwar mijinki ita ce ta farko kullum, ki je da kanki ki karɓo, kada ki jira ta aiko. In ja ya kama, ki nuna wa mai salula da yatsa ki ce na'urar ce ta ƙi, a kawo gobe da safe. Mutum ba ya fushi da akwati. Ni sai da na kashe batir na gane cewa ɗan akwatin nan ya fi ni iya cewa a'a, kuma ba wanda ya taɓa ƙullatarsa.

Kin ga dai inda muke yanzu. Fitila a ɗaki, fitila a madafa, rediyon babanki, ga salulata da nake karanta sababbin labarai a ciki. Ƙannenki suna bitar karatunsu ba a rigima kan tocila. Ban zama attajira ba, ba kuma wanda ya rubuta labarina. Amma rabon da in yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida har na manta.

Gwaggonki ta zo jiya da safe da shirin yaƙi. Ta ce a danginsu ba a taɓa kai ɗiya ɗaki bango tsirara ba, ta ce littattafai sun juya mini kai tun ina amarya, ta ce armuwar ita ce mutuncin mace, in talauci ya zo ana iya cire kwano a sayar. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, na kuma gaya mata gaskiya ne. Na ce jere ana tara shi a hankali, kwano bayan kwano, ni ma haka na tara nawa, amma duhu tun daren farko yake jiran mutum. Ta juya wajen babanki ta ce ya yi magana. Shi kuwa yana gyaran igiyar amalanke, ya ce shi tun da aka yi masa fushin madubi ya daina sa baki a kan gilashi.

Tana cikin faɗan nan, salularta na maƙale a jikin wayarmu. Da ta tashi tafiya ta ga ba ta ɗauki wuta ba. Kafin in motsa sai na ga kin fito daga madafa da hannu duk gari, kin goge a zane, kin durƙusa gaban regilater, kin gano wayar da ta saki, kin ɗaure ta da bakin wuƙa, kin koma madafa. Idonki ma a kumbure yake da kukan shekaranjiya. Ban taɓa zaunar da ke na koya miki ba. Ashe duk shekarun nan da nake kallon bango ina aikenki, ke hannuna kike kallo. A nan ne wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Na san ko ina aka kai ki, ba za ki zauna cikin duhu kina jiran wani ya dawo daga gona ba.

Sai dai iya ɗaure waya ba ya rufe bakin mata, kuma shi ne abin da ya sa ki kuka. Na kwana biyu ina juya wannan. Abin da na sani game da ranar ganin ɗaki shi ne, dole a samu abin faɗa. In ba a faɗi armuwar ba za a faɗi katifa. To tun da sai an yi magana, gara a ba su wadda ta fi armuwar daɗin taunawa.

Kin san uwa ba ta bin ɗiyarta gidan miji. Gwaggonni da ƙannen uwa ke zuwa jere, ita tana gida tana karɓar barka, balle ma a kan 'yar fari. Na roƙi Gwaggo Tsahara ta kira uwar mijinki ta nemo mini izinin wani abu. Ta ce in nemi wani ɗan aiken, ita ba za ta kai wannan abin kunya ba. Ta fita har ƙofar gida, ta tsaya, ta dawo ta zauna ta kira, don ita ma ba ta son a taɓa ki. Ina jin muryar matar daga inda nake, dattijuwa mai dariya. Ta ce, "In dai ta iya hawa, tsani na nan."

Ina roƙon Allah Ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, Ya sa ki zama sanyin idon gidansu. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin wuta da na ruwa da na baki, Ya kiyaye hanya tsakanin Gangara da Sae Sabuwa ga duk mai zuwa da mai dawowa. Ya ba ki haƙurin da ya fi nawa, da kunyar da ba ta cutar da mai ita. Abin da na yi miki ba daidai ba tun kina ƙarama, ki yafe mini. Ni ban riƙe ki da kome ba, duniya da lahira.

Ga abin da na yanke. Ba za a sayi armuwar ba. Ranar kasuwar Agiye mai zuwa zan sayo pano da batir da regilater da fitilu, ke za ki raka ni ki zaɓi waya. Ranar jere kuma zan shiga mota tare da gwaggonninki, in hau ɗakinki da tsakar rana a gaban duk wanda ya fito kallo, in ɗaura shi da hannuna. Masu ganin ɗaki su yi ta maganar uwar da ta hau tsani a gidan surukai.

Wassalam.

Mahaifiyarki.